Digiri a harsunan Silab, Baltik da Albaniya: me ake karantawa, wa kuma ya dace ya shiga?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na gama sakandare, ina duba kwasa-kwasan jami'o'in waje, sai na ci karo da wani mai suna "Harsunan Silab, Baltik da Albaniya". Ina son harsuna, na yi karatun Larabci daidai gwargwado a zaure da Islamiyya, ga kuma Turanci. Shin duk waɗannan harsunan mutum zai koya cikin shekara huɗu? In ya gama kuma aikin me zai yi? Mahaifina ya ce in nemi shawarar wanda ya san fannin kafin ya sa hannu.

Amsa: Ɗana, Allah ya saka wa mahaifinka da alheri da ya ce a tambaya tukuna. Zan tsawaita, don tambayarka ta shafi shekaru huɗu na rayuwarka da kuɗin gidanku.

Sunan ne ya rikita ka, don haka da shi zan fara. Babu jami'ar da za ta zaunar da ɗalibi ta koya masa waɗannan harsuna gaba ɗaya. Masu ƙidaya ne suka raɗa sunan. Ma'aikatar ilimi ta Amurka tana da kundin da ta rarraba duk kwasa-kwasan ƙasar da lambobi domin lissafin digirorin da ake bayarwa, kuma lamba 16.04 ita ce ta wannan rukuni. A ƙarƙashinta manyan harsunan kowanne da tasa lambar: Rashanci daban, harshen Folan daban, na Cek, na Yukiren, na Bulgeriya, na Albaniya, haka dai. Babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ma ya jera littattafan ukun a sashe ɗaya mai alamar PG. Idan ka shiga jami'ar, abin da za ka tarar shi ne sashen harsunan Silab, kuma mafi yawan ɗalibansa Rashanci suke yi. Kaɗan ne ke ɗaukar harshen Folan ko na Cek ko na Sabiya da Kuroshiya. Harsunan Baltik da Albaniyanci kuwa sai an tona kafin a sami inda ake koyar da su.

Dukkan ukun 'yan babban gida ɗaya ne, gidan harsunan Indiya da Turai, wanda Turanci da Faransanci da Farisanci da Indiyanci suka fito daga cikinsa. Sai dai kusancinsu ya bambanta. Yawancin masana sun yarda Silab da Baltik reshe ɗaya ne da ya rabu biyu tun da daɗewa. Albaniyanci shi kaɗai ne a reshensa, ba shi da ɗan'uwa na kusa da ya rage a raye. Maƙwabtaka ce kawai ta sa aka haɗa shi da su.

Silabawa, waɗanda marubutan Larabawa na da suke kira Saƙaliba, sun kai mutum miliyan 300. Harsunansu kashi uku ne. Na gabas su ne Rashanci da harshen Yukiren da na Belarus. Na yamma su ne na Folan, Cek, Sulobakiya, da wasu ƙanana irin na Sorbawa da ke cikin Jamus. Na kudu su ne na Bulgeriya, Masedoniya, Sulobeniya, da harshen nan da ake kira da suna huɗu gwargwadon ƙasar da kake tsaye, Sabiya ko Kuroshiya ko Bosniya ko Montenegiro, alhali masu shi suna jin juna sarai. Rubutunsu ya bi addini. A shekarar 863 wasu 'yan'uwa biyu daga Tasalonika, Siril da Metodiyus, suka tafi Morabiya, wajen ƙasashen Cek da Sulobakiya na yau, wa'azin Kiristanci, suka ƙirƙiri baƙaƙen da ake kira Gilagolitik don fassara littattafan coci. Almajiransu ne daga baya, a Bulgeriya, suka tsara baƙaƙen Sirilik bisa na Girkanci. Ƙasashen da suka bi ɗarikar Otodoks suka riƙe Sirilik, waɗanda suka bi Katolika suka ɗauki baƙaƙen Latin irin na bokonmu. Shi ya sa ɗan Sabiya da ɗan Kuroshiya suke magana kusan iri ɗaya amma littattafansu na gado suka sha bamban a ido.

Harsunan Baltik biyu suka rage, na Lituweniya mai masu magana wajen miliyan 3, da na Latbiya wanda bai kai haka ba. Na ukunsu, tsohon harshen Furusiya, ya mutu wajen shekarar 1700. Kada taswira ta ruɗe ka game da Istoniya: tana bakin tekun Baltik, amma harshenta ɗan'uwan na Finlan ne, ba ya cikin wannan gida sam. Abin da ya sa masana ke girmama harshen Lituweniya fiye da yawan masu shi shi ne tsufan siffarsa. An daɗe ba a rubuta shi ba, littafinsa na farko sai a 1547 Martynas Mažvydas ya buga, amma ya riƙe sautuka da ƙarshen kalmomi waɗanda sauran 'yan'uwansa suka zubar tun dubban shekaru. Kalmarsu ta "ɗa" ita ce sūnus, a Sanskirit na tsohuwar Indiya sūnu. "Tunkiya" avis, a Sanskirit avi. Duk mai son sanin yadda kakan waɗannan harsuna ya kasance dole ya bi ta Lituweniya, kuma Ferdinand de Saussure, wanda ake farawa da sunansa a kowane ajin kimiyyar harshe, akwai dokar karin sautin wannan harshe da har yau ake kira da sunansa.

Akwai kuma tarihin da nake so kowane mai kishin harshensa ya sani. Bayan tawayen 1863, gwamnatin sarkin Rasha ta haramta buga harshen Lituweniya da baƙaƙen Latin, daga 1864 har 1904. Shekara arba'in ana buga littattafai a ƙetaren iyaka, a gabashin Furusiya, wanda a lokacin yankin Jamus ne, talakawa suna ɗauko su a ɓoye cikin dare, wanda aka kama a kai shi kurkuku ko Saiberiya. Iyaye mata suka riƙa koya wa 'ya'yansu karatu a gida. Ƙarshenta gwamnati ce ta gaji ta janye dokar. A Latbiya kuma Krišjānis Barons ya shafe rayuwarsa yana tattara gajerun waƙoƙin baka na mutanensa, sama da 200,000, kowace a 'yar takarda, cikin wata kabad mai aljihuna da aka ƙera musamman. Kabad ɗin tana nan a Riga, UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya. Idan na tuna yawan waƙoƙin daɓe da na niƙa da na gaɗa da ke tafiya kabari tare da tsofaffinmu, aikin wannan mutum yakan tsaya mini a rai.

Albaniyanci shi ne ya fi kusa da kai ta wata fuska da ba ka zata ba. Sunan ma ka san shi: Shaihu Nasiruddin Albani, malamin hadisi, a garin Shkodër na arewacin Albaniya aka haife shi a 1914 kafin iyayensa su koma Dimashƙa. Ana magana da harshen a Albaniya da Kosobo da yammacin Masedoniya ta Arewa da wani yanki na Montenegiro, har da wasu tsofaffin ƙauyuka a kudancin Italiya. Yana da manyan karuruwa biyu, Geg a arewa da Tosk a kudu, kogin Shkumbin ne ya raba su, kuma daidaitaccen harshen da aka tsayar a taron Tirana na 1972 bisa Tosk aka gina shi, abin da har yanzu wasu 'yan arewa ke jin zafinsa. Rubutu mafi tsufa da aka samu jumla ɗaya ce ta baftisma daga 1462, littafi na farko kuma na Gjon Buzuku ne a 1555. A zamanin Daular Usmaniyya ta Turkawa Musulmin Albaniya sun rubuta harshensu da baƙaƙen Larabci, wato ajami, kuma mawaƙa irin su Nezim Frakulla a ƙarni na 18 sun yi waƙoƙi da shi cike da kalmomin Larabci da Farisanci da Turkanci. A watan Nuwamba na 1908 masanansu suka taru a garin Manastir, wanda yau ake kira Bitola, suka zaɓi baƙaƙen Latin, abin da ya zama haruffa 36 na yanzu. An yi rigima sosai, domin akwai malaman da suka tsaya kai da fata sai ajami. Ka lura wannan ya zo kusan lokacin da boko ke shigowa ƙasar Hausa, sai dai su da kansu suka zauna suka yanke, mu kuwa Turawan mulki ne suka yanke mana.

Ba Musulmin Albaniya kaɗai suka yi ajami ba. Musulmin Bosniya suna da nasu ajamin da suke kira Arebica, an yi ta buga littattafai da shi har cikin ƙarni na 20. Tatar Musulmi da suka zauna a Lituweniya da Belarus da Folan sun manta harshensu na asali, suka koma rubuta harshen Belarus da na Folan da baƙaƙen Larabci a littattafan addini da suke kira kitab. A Sarayebo, babban birnin Bosniya, akwai ɗakin karatu na Gazi Husrev-beg, wanda aka kafa a 1537, cike da dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da Turkanci da Farisanci da harshen Bosniya. Ɗalibin da ya tashi a Landan ko Shikago sai ya fara koyon alif da ba kafin ya taɓa waɗannan takardu. Kai ka riga ka wuce nan. Matsalolin da malaman Bosniya suka fuskanta wajen rubuta sautukan da babu su a Larabci su ne irin waɗanda malamanmu suka fuskanta da ɓ da ɗ da ƙ da ts, kuma wanda zai iya ɗora ajamin Hausa kusa da na Balkan, wato yankin su Bosniya da Albaniya, ya kwatanta su da ilimi, fili ne a buɗe gabansa. Wannan shi ne wuri ɗaya da nake ganin Bahaushe zai shiga fannin nan da abin da wasu ba su da shi.

To, yaya karatun yake? Tsarin ya danganta da ƙasa. A Amurka shekara huɗu ne, kuma kwas ɗin da ka zaɓa ba ya cinye ko rabin darussanka. Sauran na gama-gari ne, shi ya sa ɗalibai da yawa ke haɗa shi da wani fanni. A Ingila shekara huɗu ne, ta ukun a ƙasar masu harshen ake yin ta. A Jamus shekara uku ne, galibi fanni biyu a haɗe. Ko'ina dai ginshiƙan uku ne. Na farko harshen kansa, kusan kullum, daga baƙaƙe har ka iya rubuta maƙala da yin muhawara. Na biyu adabi da tarihi, wanda akan fara da fassara sannan a koma asali. Na uku kimiyyar harshe: tsarin sauti, ƙirar kalma, ginin jumla, tarihin yadda harsunan suka rarrabu, wani lokaci da tsohon harshen coci na Silabawa, wanda matsayinsa a wurinsu ya yi kama da na Latin a yammacin Turai. Sassa da yawa sukan nemi ka ƙara harshen Silab na biyu a shekarun ƙarshe, kuma wannan yakan zo da sauƙi, don wanda ya ƙware a ɗaya ya ci rabin hanyar na biyu.

Za ka yi mamakin yawan abin da ake koyarwa a sassan Hausa na jami'o'inmu wanda daga wannan yanki ya fito. Tunanin ƙwayar sauti ya samo tushe daga Jan Baudouin de Courtenay, ɗan Folan da ya koyar a Kazan, sannan ƙungiyar masana harshe ta Furag, wadda aka kafa a 1926, ta gina shi ta hannun Nikolai Trubetzkoy da Roman Jakobson. Hanyar feɗe tatsuniya zuwa matakai 31 ta Vladimir Propp ce, daga 1928, kuma a kan tatsuniyoyin Rasha ya gina ta. Ra'in da ake nazarin waƙar baka da shi, na cewa mawaƙi yana ƙera waƙa nan take da tubalan da ya saba da su, ya fito ne daga aikin Milman Parry da Albert Lord, waɗanda suka ɗauki muryoyin mawaƙan tsohuwar ƙasar Yugosilabiya, wadda ta haɗa su Sabiya da Bosniya da Montenegiro, tsakanin 1933 da 1935. Gwaninsu, Avdo Međedović, Musulmi ne daga Montenegiro wanda bai iya karatu ba, ya rera musu waƙa ɗaya mai layi sama da 12,000. Duk wanda ya saurari makaɗan fada na ƙasar Hausa zai gane abin da suka gano tun kafin a gama yi masa bayani.

Yanzu wahalar. Cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci yana buƙatar wajen awa 1,100 a aji, mako 44, kafin ya iya aiki da Rashanci ko harshen Folan ko na Lituweniya ko Albaniyanci, alhali Faransanci awa 600 zuwa 750 ne. Baƙaƙen Sirilik, waɗanda mutane suka fi tsoro, su ne mafi sauƙi: na Rashanci 33 ne, mako ɗaya ko biyu sun isa. Inda ake zufa shi ne i'irabi. Ka san yadda suna yake sauya ƙarshe a Larabci tsakanin raf'u da nasabu da jarru. Rashanci yana da irin wannan guda shida, harshen Folan da na Cek da na Lituweniya bakwai-bakwai. "Littafi" a Rashanci kniga ne idan shi ne mai aiki, knigu idan a kansa aikin ya faɗa, knigi idan mallaka ce, knigoy idan da shi aka yi aikin. Sifa da lamiri da lambobi duk suna bin sunan su sauya, ga jinsi uku maimakon biyunmu. Ɗaliban da harshensu Turanci ne kaɗai sukan yi watanni kafin tunanin ya zauna musu. Kai da ka yi nahawu a zaure, tunanin ba baƙo ba ne, haddar ce za ta ci maka lokaci. Harshen Sulobeniya ma yana da musanna kamar Larabci, siffa ta musamman don abu biyu.

Hausarka ma za ta taimake ka a wurare da dama. Aikatau a harsunan Silab yakan zo biyu-biyu, ɗaya na aikin da ya kammala, ɗaya na wanda ke gudana ko ake maimaitawa: pisat' da napisat' duk "rubuta" ne, amma bambancinsu ya yi kusa da na "yana rubutawa" da "ya rubuta". Kunnenka ya saba da dogon wasali da gajere, abin da harshen Cek da na Latbiya suka dogara a kai, ya kuma saba da karin sauti, wanda za ka tarar da irinsa a Lituweniya da Latbiya da Sabiya. Yadda muke cewa "mota" sannan "motar" idan an riga an san wadda ake nufi, haka ɗan Bulgeriya ke cewa kniga sannan knigata, ɗan Albaniya kuma mal, "dutse", sannan mali. Bulgeriyanci da harshen Masedoniya sun zubar da i'irabin suna kusan gaba ɗaya, sun kuma yi tarayya da Albaniyanci da harshen Romaniya a wannan ɗafa-ƙeya saboda daɗewar zama tare, ko da yake ba reshensu ɗaya ba. Wannan cuɗanya ta harsunan Balkan darasi ce mai zaman kanta, kuma wanda ya san yadda Hausa da Fulatanci da Barbarci suka shiga jikin juna zai ji daɗinta.

Inda bakin Bahaushe ke shan wuya shi ne cunkoson baƙaƙe. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu, Rashanci kuwa yana da kalma irin vzglyad, "kallo", baƙi huɗu kafin wasali, harshen Cek kuma yana da kalmomi irin prst, "yatsa", da babu wasali ko ɗaya a rubuce. Dole ka hana harshenka cusa wasali a tsakani. Dole kuma ka raba p da f, ka raba b da v, domin suna sauya ma'ana. Sannan mafi yawan baƙaƙen Rashanci suna da tagwaye, mai tauri da mai taushi, kamar bambancin k da ky a wurinmu, sai dai su ya game har t da n da l da r. Nauyin kalma a Rashanci ba shi da mazauni ɗaya kuma ba a rubuta shi: zámok fada ce ta sarauta, zamók kwaɗon ƙofa ne. A harshen Folan nauyin yana gaɓa ta biyun ƙarshe, a na Cek yana ta farko, don haka ta wannan fuska sun fi sauƙi.

Wuraren karatu. A Landan akwai makarantar nazarin Silabawa da gabashin Turai, wadda aka buɗe a 1915, yanzu tana ƙarƙashin jami'ar University College London (UCL). A Faris akwai INALCO, cibiyar koyar da harsunan gabas, inda ake koyar da harsunan nan har da na Baltik da Albaniyanci, kuma a gini ɗaya ake koyar da Hausa. Ɗalibin Nijar mai Faransanci ya fara duba nan. A Jamus jami'ar Greifswald ta shahara da nazarin Baltik, jami'ar Munik kuma da Albaniyanci. A Amurka jami'ar Washintan da ke Siyatil tana koyar da harsunan Lituweniya da Latbiya. Kuɗin Amurka da Ingila yana da nauyi ƙwarai ga wanda ba shi da tallafi, kuma ba na ba kowa shawarar a sayar da gona ko gida don digirin harshe. Ga hanyoyi masu rangwame. A gida Nijeriya ana karanta Rashanci a jami'o'in Legas da Ibadan da Nsukka. Jami'o'in gwamnati na ƙasar Cek ba sa karɓar kuɗin karatu daga wanda zai yi karatunsa da harshen Cek, ko daga ina ya fito, sai dai shekarar koyon harshen da kuɗin zama suna kanka. Rasha tana ba ɗaliban Afirka guraben tallafi, ana farawa da shekara ɗaya ta share fage, kuma jami'ar Patrice Lumumba da ke Mosko tun 1960 take karɓar 'yan Afirka. Jami'ar Waso a Folan da ta San Fitasbag a Rasha suna da daɗaɗɗen tarihin koyar da Hausa, har an buga ƙamusun Hausa da Rashanci a 1963 ƙarƙashin jagorancin Dmitri Olderogge. A irin waɗannan wurare za ka sami ɗaliban da ke neman Bahaushe kamar yadda kake neman su, ku yi musayar harshe.

Dole in yi maka maganar yaƙi. Tun da Rasha ta kai wa Yukiren hari a Fabrairun 2022, jami'o'in yamma sun daina tura ɗalibansu Rasha, sun karkata zuwa Latbiya da Istoniya da Kazakistan da Kirgistan da Armeniya, inda ake jin Rashanci. Ɗalibanmu da ke Yukiren a lokacin da ƙyar suka tsallaka iyakokin Folan da Romaniya da Hungari. An kuma sami rahotanni masu ƙarfi na matasan Afirka da aka yaudara da sunan karatu ko aiki, suka tsinci kansu a masana'antar makamai ko a fagen daga. Kada ka bi dillali. Duk gurbin da ba ta hannun jami'ar kanta ko ofishin jakadanci ko hukumar tallafin karatu ta gwamnati ya fito ba, ka bar shi. Ka kuma sani harshe a wannan yanki siyasa ne: yi wa ɗan Lituweniya ko ɗan Yukiren Rashanci ba tare da ka tambaya ba yana iya ɓata masa rai, kuma ɗalibin kirki yana koyon dalilin haka tare da nahawun.

Batun aiki, ba zan yi maka zaƙin baki ba. Wannan fanni a ƙasashen yamma ya bunƙasa ne da kuɗin yaƙin cacar baka, musamman bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, ya kuma ja baya bayan rushewarta a 1991. Kujerun koyarwa a jami'a kaɗan ne, sai da digiri na uku. Rashanci yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya, amma masu fassara a can suna juyawa ne zuwa harshen da suka fi ƙwarewa cikin shidan, don haka Turancinka ko Larabcinka ko Faransancinka sai ya kai maƙura. Takwas daga harsuna 24 na Tarayyar Turai daga gidan Silab da Baltik suke, sai dai ayyukan dindindin na hukumominta na 'yan ƙasashenta ne. Fassarar takardu ta yau da kullum kuma na'ura ta cinye mafi yawanta. Abin da ya rage wa ɗan Adam shi ne inda kuskure ke da tsada ko amana ke da muhimmanci: kotu, asibiti, teburin sulhu, yarjejeniyar ciniki, aikin jarida, bincike, adabi. A ɓangarenmu ƙofofin su ne ma'aikatar harkokin waje, hukumomin tsaro, kafafen labarai, da kasuwanci, tunda alkama da takin zamani da kifi suna shigo mana daga wannan yanki. Kamfanin ƙarfe na Ajakuta ma injiniyoyin Sobiyet ne suka gina shi, kuma a lokacin an nemi masu jin Rashanci ruwa a jallo. Hulɗar Nijar da Rasha ta ƙaru tun 2023, ƙasa kuma tana buƙatar 'ya'yanta da za su karanta abin da ake sa mata hannu a kai da idonsu, ba ta bakin tafintan ɗaya ɓangaren ba.

Saboda haka shawarata ita ce kada ka ɗauki harshe shi kaɗai. Haɗa shi da shari'a, ko tattalin arziki, ko hulɗar ƙasashe, ko aikin jarida, ko kimiyyar kwamfuta, ko kimiyyar harshe idan bincike ne burinka. Wanda ya san dokar ciniki kuma yana jin harshen Folan ya fi wanda ke jin harsuna uku ba shi da sana'a samun abin yi. Cikin harsunan kuma ɗauki ɗaya ka nutse. Idan faɗin amfani kake so, Rashanci, domin zai kai ka har tsakiyar Asiya, ƙasar Bukhari da Tirmizi. Idan Tarayyar Turai ce a ranka, harshen Folan, mai mutum wajen miliyan 40. Idan ajami da tarihin Musulunci a Turai ne suka ja ka, harshen Bosniya ko Albaniyanci, ka ƙara da Turkanci. Harsunan Baltik na fi so ka ajiye su sai digiri na biyu, bayan ka sami gindi a kimiyyar harshe, domin a nan ne darajarsu take bayyana. Idan kuma adabi ne ya kama ka, ka sani babban mawaƙin Rasha, Pushkin, jinin Afirka ne ta wajen kakan mahaifiyarsa, Abram Gannibal, wanda masanin tarihi ɗan Benin Dieudonné Gnammankou ya kawo hujjar cewa daga Logone yake, kudu da tafkin Chadi.

Kafin mahaifinka ya sa hannu, ka gwada kanka wata uku. Zaɓi harshe ɗaya, sami littafin koyo na masu farawa da darussan sauti a intanet, ka ba shi awa ɗaya kullum bayan sallar asuba, har ka wuce baƙaƙe ka shiga i'irabi. A cikin wannan lokaci ka rubuta wa sashen da kake so ka tambaye su abu huɗu: wane harshe suke koyarwa har shekarar ƙarshe ba shekara ɗaya kawai ba, malamai nawa ne na dindindin a kansa, ina suke tura ɗalibai zaman koyon harshe yanzu kuma wa ke biya, sannan ko an yarda a haɗa kwas ɗin da wani fanni. Kai wa mahaifinka amsoshin a rubuce tare da lissafin kuɗin shekara huɗu, ku zauna ku duba tare.